Tiraiton da Saukar Kod: Jagora ga Mai Koyon Bes na Jaz

Idan mai fiyano ya danna sautuka biyu kacal, F da B, ya riƙe su, babu mai iya gaya maka kod ɗin da ake ciki, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, sai mai bes ya sa baki. In ka ajiye G a ƙarƙashinsu, G7 ke nan. In kuwa Db ka ajiye, sautukan nan biyu ba su motsa ko kaɗan ba, amma kod ya koma Db7. Mai bes ne ke raɗa wa kod suna, kuma duk abin da ake kira musanyar tiraiton (tiraiton shi ne tazarar da ke tsakanin F da B ɗin nan) a kan wannan ikon ya tsaya.

Inda masu koyo ke samun matsala shi ne haddace dabarar da ka. An ce musu a maye gurbin G7 da Db7, sai su riƙa jefa ta duk inda suka ga lamba 7, alhali kunnensu bai taɓa zama ya ji abin da ke jan F da B zuwa gida ba. Don haka a nan da kunne za mu fara, yatsu su biyo baya.

Na ɗauka bes ɗinka mai tsirkiya huɗu ne, an ɗaure shi yadda aka saba: E, A, D, G, daga mafi kauri zuwa mafi siriri. Firet, wato layukan ƙarfen da ke kan wuyan bes, ɗaya rabin mataki ne, biyu cikakken mataki; alamar # na ɗaga sauti da rabin mataki, ƙaramar b kuma na sauke shi. Yawancin misalan a ki na C suke, wato C ne sautin gida.

Mataki na farko: nemo tiraiton a wuyan bes

Tiraiton tazara ce ta cikakkun matakai uku, wato firet shida a kan tsirkiya guda. Oktef, wato tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, yana da rabin mataki 12, to tiraiton ya raba shi gida biyu daidai wa daida. Daga B zuwa F firet shida ne, daga F ɗin zuwa B na sama ma firet shida. Ko ta ina ka juya shi, tiraiton yake. Babu wata tazara tsakanin sautuka biyu mabambanta da ke da wannan hali, kuma daga nan komai ya samo asali.

A bes ba sai ka miƙa hannu firet shida ba. Danna kowane sauti, ka tsallaka zuwa tsirkiya ta gaba mai siriri, ka ƙara firet ɗaya. Shi ke nan. Misali B a tsirkiyar A firet 2, F a tsirkiyar D firet 3. Da yake tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin bes iri ɗaya ce, siffar ba ta canzawa ko ina ka kai ta.

Buga su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka rera su da bakinka. Kada ka yi mamaki in muryarka ta zame ta faɗa kan E ko F# maimakon F. Da yawa daga cikin kiɗan goge, kukuma da garaya da muka taso muna ji a kan sautuka biyar suke tafiya, kwatankwacin do, re, mi, so, la. Sautuka biyun da babu a wannan jerin su ne fa da ti, kuma su ne ainihin tiraiton. Kunnen da ya girma a kan sautuka biyar sai an yi masa sabo da gangan. Wanda kuma ya koyi bes a ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kaduna, inda ake karatu da do-re-mi, ya riga ya san abin ko da bai san sunansa ba: fa ce ke komawa mi, ti kuma ta hau do.

Turawa ma ba su same shi da sauƙi ba. Tsoffin malaman kiɗansu sun yi masa laƙabi da shaiɗanin kiɗa, suna gargaɗin masu rerawa da su kauce masa. A jaz kuwa, a shekarun 1940 ne ya zama tambarin salon bibop, lokacin da su Dizzy Gillespie, Charlie Parker da Thelonious Monk ke haɗuwa a gidan rawa na Minton's da ke unguwar Harlem a birnin New York suna ƙirƙiro sabon salo.

Mataki na biyu: ji yadda yake sauka

Kod G7 sautuka huɗu ne: G, B, D, F. G shi ne tushe, B na uku, D na biyar, F na bakwai. A cikinsu na uku da na bakwai ne ke ɗauke da tankiyar kod ɗin, domin su ne tiraiton. Ana iya cire D babu wanda zai lura. In aka cire B ko F kuwa, kod ya rasa abin da ke tura shi gaba.

Riƙe B da F ɗin nan na ɗazu, tsirkiyar A firet 2 da tsirkiyar D firet 3. Yanzu yatsun biyu su yi musanyar wuri: na tsirkiyar A ya hau firet 3, na tsirkiyar D ya sauko firet 2. Ka samu C da E. B ya hau rabin mataki, F ya sauko rabin mataki, sun matso kusa da juna, tankiya ta kwanta. Wannan ɗan motsin shi ne zuciyar G7 zuwa C.

Juya shi kuma. F a tsirkiyar D firet 3, B a tsirkiyar G firet 4. Wannan karon buɗewa za su yi: F ya sauko E a firet 2, B ya hau C a firet 5. Saukar iri ɗaya ce, sai dai ta farko tsukewa ce, ta biyu buɗewa.

In ka buga sautuka biyu tare a can ƙasa za ka ji sun dagule, domin tsirkiyar E a sake tana kaɗawa ne kusan sau 41 kawai a daƙiƙa, kuma sautuka masu kauri haka ba sa son cunkoso. Ƙara 12 a kan lambar kowane firet ka maimaita a saman wuya, za ka ji su tas. A ƙasan kuwa, ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa bugawa.

Ga mai babban bes na tsaye wanda ba shi da firet, duk wannan yana cikin matsayi na farko a tsarin yatsu 1-2-4: B da yatsa na ɗaya, F da na biyu, C da na biyu, E da na ɗaya. Db da za mu buƙata nan gaba yana ƙarƙashin ƙaramin yatsa a tsirkiyar A, ba sai ka ɗaga hannu ba.

Kada ka wuce nan sai ka iya buga G, ka rera B ya hau C, ka sake buga G, ka rera F ya sauko E, ba tare da laluben murya ba. In zai ci mako biyu, ya ci. Sauran matakan duka a kan wannan suke zaune.

Mataki na uku: bulus da yatsu biyu

Ga wani atisaye da ke nuna yadda tiraiton ke tafiyar da waƙa sukutum. Bulus, salon waƙa mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, a ki na F yana da manyan kod uku: F7, Bb7, C7. Na uku da na bakwai na F7 su ne A da Eb: tsirkiyar D firet 7, tsirkiyar G firet 8. Ja siffar baya firet ɗaya, ka samu Ab da D, wato Bb7. Tura ta gaba firet ɗaya daga inda ka fara, ka samu Bb da E, wato C7. Firet uku a jere, bulus ya cika. Buga gaɓoɓi 12 ɗin da waɗannan sautuka biyu kaɗai, ba tushe, za ka ji waƙar na nan daram.

Lura da abin da ya faru. A da ke na uku a F7 ya sauko ya zama na bakwai a Bb7, Eb da ke na bakwai ya sauko ya zama na uku. Haka suke musanyar matsayi duk lokacin da wani dominan, wato kod irin F7 ko G7, ya faɗa kan wani. Akwai kuma darasi na biyu: a bulus F7 shi ne gida, tiraiton ɗinsa ba ya neman zuwa ko ina a gaɓoɓin farko. Ba kowane kod mai 7 ne ke kan hanyar sauka ba. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na huɗu: musanyar kanta

Koma kan B da F. Ɗazu B ya hau, F ya sauko. Yanzu yi akasin haka: B ya sauko Bb a firet 1, F ya hau Gb a firet 4. Wannan ma sauka ce mai daɗi, amma a Gb ka sauka, ba C ba. Ashe tiraiton guda yana da masauki biyu, don haka yana da tushe biyu da za su iya zama ƙarƙashinsa: G mai kai shi C, da Db mai kai shi Gb. A G7, B ne na uku, F na bakwai. A Db7 kuwa F ne na uku, B na bakwai (a rubuce Cb ake kiransa a nan, amma firet ɗaya ne).

Tunda cikinsu ɗaya, ana iya aron Db7 a tura shi C maimakon G7. Gwada a saman wuya. Riƙe F a tsirkiyar D firet 15 da B a tsirkiyar G firet 16. Sa G a tsirkiyar E firet 15. Ɗaga wannan yatsan kaɗai ka mayar da shi tsirkiyar A firet 16, wato Db. Sannan ka sauka: C a tsirkiyar A firet 15, E a tsirkiyar D firet 14, B ya tsaya inda yake. Cmaj7 ke nan.

Abin da ya sa kunne ke karɓar wannan shi ne kusan kowane sauti na Db7 rabin mataki ne tsakaninsa da masaukinsa: Db ya sauko C, F ya sauko E, Ab ya sauko G, B ya hau C ko ya zauna. Jerin da ya fi yawa a jaz, Dm7, G7, Cmaj7, sai ya zama Dm7, Db7, Cmaj7, tushen yana gangarowa D, Db, C, firet 5, 4, 3 a tsirkiyar A.

Da yake dominan 12 ne gaba ɗaya, tagwaye shida ake da su: C7 da Gb7, Db7 da G7, D7 da Ab7, Eb7 da A7, E7 da Bb7, F7 da B7. Haddace su yana da kyau, amma a tsakiyar kiɗa babu lokacin lissafi. Hanya mafi sauri ita ce ka manta da kod ɗin da kake kai, ka dubi wanda za ka sauka a kansa, ka danna firet ɗaya sama da shi. Za ka Bb? B. Za ka F? Gb. Za ka Eb? E.

Ba ƙirƙirar masu solo kaɗai ba ce, marubutan waƙa ma sun sa ta a takarda. A Satin Doll ta Duke Ellington da Billy Strayhorn, ta shekarar 1953, gaɓa ta shida Abm7 ce da Db7 kafin a sauka C. A The Girl from Ipanema ta Antônio Carlos Jobim, Gm7 yana bi ta Gb7 zuwa Fmaj7. A Night in Tunisia ta Gillespie kuwa kusan dukan sashenta na farko kai da komo ne tsakanin Eb7 da Dm, kuma Eb7 ɗin nan tagwayen A7 ne. Saurari waɗannan ukun da bes a hannu, ka nemo wurin da kanka.

Mataki na biyar: shigar da ita cikin tafiya

Aikin mai bes a jaz shi ne tafiya, sauti ɗaya a kowane bugu, bugu huɗu a gaɓa. Musanyar tana shiga tafiya hawa-hawa, kuma gara ka bi ta a jere. Kowane layi a ƙasa Dm7 ne gaɓa ɗaya, G7 gaɓa ɗaya, sannan C.

Hawa na farko, bugu na huɗu kaɗai:

D C A Ab | G B D Db | C

A yatsu: D da C a tsirkiyar A firet 5 da 3, A da Ab a tsirkiyar E firet 5 da 4, G a firet 3, sannan B, D, Db, C duk a tsirkiyar A firet 2, 5, 4, 3. Ba ka canza kod ɗin kowa ba. Ka dai gangaro kan G daga Ab, ka gangaro kan C daga Db. Wannan shi ne mafi aminci, kuma layukan Paul Chambers da Ray Brown cike suke da shi. Ko mai fiyano bai san kana yi ba, babu abin da zai lalace, domin bugu ɗaya ne ya wuce.

Hawa na biyu, rabin gaɓa:

D C A Ab | G B Ab Db | C

Bugu biyu na G7, biyu na Db7. In wannan ya yi maka nauyi, fara da G G Db Db. Ba abin kunya ba ne maimaita sauti, tsoffin masu bes irin su Walter Page na ƙungiyar Count Basie sun gina tafiya mai ƙarfi da irin wannan sauƙin.

Hawa na uku, gaɓa sukutum:

D A C D | Db F Ab B | C

A nan G bai fito ba sam. A ɗin na ƙasa ne, tsirkiyar E firet 5. Daga Db a tsirkiyar A firet 4 ka hau F a tsirkiyar D firet 3, Ab a firet 6, B a tsirkiyar G firet 4, ka sauka C na sama a firet 5. Na fi son wannan layin saboda yana amfani da hanyoyin biyu: ya shiga ta Db, ya fita ta B mai hawa C.

Hawa na huɗu, Db7 ya zo da abokin tafiyarsa. Kamar yadda Dm7 ke gaban G7, haka Abm7 ke gaban Db7:

D F A G | Ab Eb Db B | C

Wannan ya fi kowanne yin nisa da gida, kuma ba a yin sa sai da sanin mai fiyano, ko kuma lokacin da ba kowa sai kai da mai ganga da mai busa.

Kunna metironom, na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin bugu na biyu da na huɗu, wato kana tafiya a 120 ke nan. Ka yi kowane layi a C, sannan F, Bb, Eb, ka ci gaba har ka zagaye ki 12 ɗin. Db da aka buga a makare ko cikin shakka kuskure ake jin sa. Wanda aka buga a kan lokaci, da cikakken sauti, ya gangara C a bugu na ɗaya, niyya ake jin sa. Bambancin ba a sautin yake ba, a lokacin yake.

Mataki na shida: juyi da bulus

Gaɓoɓi biyu na ƙarshen waƙa, waɗanda ke mayar da kiɗa farko, nan ne filin wasan wannan dabara. Em7, A7, Dm7, G7, kowanne bugu biyu. Maye gurbin A7 da G7 kowanne da tagwayensa, ka samu E, Eb, D, Db, C: firet 7, 6, 5, 4, 3 a tsirkiyar A. Akwai kuma juyin da ake jingina wa Tadd Dameron, inda tushen ke bin C, Eb, Ab, Db, ya dawo C.

A bulus na F wurare biyu ne suka fi karɓa. Gaɓa ta huɗu, inda F7 ya daina zama gida ya zama mai turawa zuwa Bb7: sa B a bugu na huɗu, ko a na uku da na huɗu. Sai gaɓa ta 11 da ta 12, inda F7, D7, Gm7, C7 ke iya zama F, Ab, G, Gb, duk a tsirkiyar E, firet 1, 4, 3, 2, ka koma 1.

Mataki na bakwai: inda za ka kame hannu

Wannan ne matakin da ke raba mai bes ɗin da ake sake kira da wanda ake yi wa godiya a sallame shi.

Abu na farko, karin waƙa. Duk sautin da mawaƙi ko mai busa ya riƙe a kan G7, in ka sauya tushe ka sauya ma'anarsa. In G ya riƙe, a kan Db ya zama #11, kuma yana da daɗi ƙwarai. In F ne ko B, babu damuwa, su ne tiraiton ɗin. Ab, Bb da Eb ma duk suna zama lafiya, sun koma na biyar, na 13 da na tara. E da A suna yiwuwa, da ɗan yaji. D ne mugun wuri: rabin mataki ne sama da Db ɗinka, kuma in mawaƙiya ta riƙe D tsawon gaɓa kai kuma ka dasa mata Db a ƙasa, masu sauraro za su ɗauka ita ce ta kauce. Ba za ta yafe maka da wuri ba. In kuma C aka riƙe, kamar yadda ake yi a ƙarshen waƙa, Db a bes yana da kyau amma kod ɗin Dbmaj7 ne, don haka ka guji B a layinka.

Abu na biyu, hannun hagun mai fiyano. Masu fiyanon jaz tun daga ƙarshen shekarun 1950, irin su Bill Evans da Wynton Kelly, sun saba barin tushe ga mai bes. G13 a hannunsu yakan zama F, A, B, E. Sa Db a ƙarƙashin wannan, ka samu Db7 mai #9 da #5, kod mai kyau wanda kunnen jaz ya sani. Amma mai kibod da ya saba danna G, B, D, F cikakku, har da G mai kauri a hannun hagu, in ka sa masa Db sai faɗa ya kaure a ƙasa. Kafin ka yi musanyar gaɓa sukutum, saurari abin da yake dannawa. In yana riƙe tushe da kansa, tsaya a hawa na farko, ko ku yi magana kafin a hau dandamali.

Abu na uku, ina kod ɗin ya dosa. Musanyar na aiki ne idan dominan zai faɗa kan kod da ke tazarar biyar a ƙasansa, kamar G7 zuwa C ko A7 zuwa Dm. Akwai Bb7 da ke shiga C ta ƙofar baya, yawanci bayan Fm7. Tagwayensa E7 ne, shi kuwa E7 Am yake nema, in ka sa shi ka ɓatar da hanya. Haka Bb7 na gaɓa ta biyar a bulus na F, da F7 na gaɓar farko: zaune suke, ba tafiya suke ba, a bar su.

Abu na huɗu, yawa. A zagayen farko, lokacin da ake gabatar da karin waƙa, buga abin da aka rubuta. Solo ya yi nisa, mai busa ya fara fita waje, to ka bi shi. In ka yi sau ɗaya ko biyu a zagaye, ana jin sa. In ka yi a kowane dominan, kunne ya saba, kuma saukar G zuwa C, wadda ita ce mafi ƙarfi a kiɗan, ta ɓace daga waƙar. A ra'ayina mai koyo ya fi buƙatar ya iya buga tsabtataccen G a gaɓar G7 sau goma kafin ya nemi Db sau ɗaya.

Mataki na takwas: sikel, maino da diminish

In za ka cike layi ko ka yi solo a kan Db7 mai zuwa C, kada ka ɗauki sikel ɗin Gb kai tsaye, domin Gb ɗin da ke ciki yana jan kunne zuwa wancan masaukin. Ɗaga shi zuwa G: Db, Eb, F, G, Ab, Bb, B. In ka fara waɗannan sautuka bakwai daga G, su ne sikel ɗin da masu busa ke hawa a kan G7alt, G7 ɗin da aka gusar da na biyar da na taransa da rabin mataki. Wato duk inda ka ga G7alt a takarda, an riga an buɗe maka ƙofar Db.

A ki na maino abin ya fi ma zama daidai. Dm7b5, G7, Cm: Ab da ke cikin Db7 ɗan gida ne a Cm. Dm7b5 shi ma yana da nasa tiraiton, D da Ab, saboda haka a tafiya ka tabbata na biyar ɗin da kake bugawa Ab ne, ba A ba. Hannu yakan kai A da kansa saboda sabo, kuma kuskure ne da ake ji daga bayan ɗaki.

Kod ɗin diminish, B, D, F, Ab, tiraiton biyu ne a haɗe: B da F, D da Ab. Sa G a ƙasa ka samu G7b9. Sa Bb, Db ko E, kowanne ya ba ka nasa dominan mai b9. Tushe huɗu ke nan a ƙarƙashin siffa guda, kowanne firet uku tsakaninsa da na gaba. Barry Harris, mai fiyano ɗan Detroit, ya shafe shekaru yana koyar da ɗalibai a kan wannan dangantaka. Ka san da ita yanzu, amma ka bar zurfafa ta sai tagwaye shida sun zauna a hannunka.

Mataki na tara: tsarin atisaye da saurare

Rabin awa a rana ya isa in an raba shi da kyau. Minti biyar na rera sauka, tsukewa da buɗewa, a ki biyu ko uku. Minti goma na layukan mataki na biyar a ki ɗaya sabo kowace rana. Sauran a kan waƙa guda, da manhaja irin iReal Pro wadda ake iya kashe bes ɗinta a bar fiyano da ganga. Buga zagaye ɗaya babu musanya ko ɗaya, na biyu da bugu na huɗu kaɗai, na uku ka zaɓi wuri biyu tun kafin ka fara. Ɗauki kanka a waya ka saurara daga baya, domin lokacin bugawa hankalinka na kan yatsu, ba ka jin inda ka taka wani.

Wajen saurare, ɗauki faifai ɗaya ka zauna a kansa. Jimmy Blanton, wanda ya yi aiki da Ellington daga 1939 zuwa 1941 ya rasu yana ɗan shekara 23, shi ne ya fito da bes daga bugun tushe kawai. Paul Chambers a ƙungiyar Miles Davis daga 1955 zuwa 1963 shi ne mafi sauƙin kwafa ga mai farawa, layukansa a fili suke. Ron Carter, wanda ya gaje shi har zuwa 1968, ya fi kowa nuna yadda mai bes ke sauya launin kod a ƙarƙashin mai solo, amma ka ajiye shi zuwa gaba. Zaɓi bulus guda da Chambers ya buga, rage saurinsa, ka rubuta gaɓoɓi 12 sauti bayan sauti. Sannan ka ɗauki biro ka zagaye duk bugu na huɗu da ke firet ɗaya sama da sautin da ya biyo shi. A gefen kowanne ka rubuta ko bugu ɗaya ne kawai ya wuce da shi ko kuwa ya sauya kod ɗin ne tun daga bugu na uku, ka koma faifan ka ji abin da mai fiyano ya danna a daidai wurin.